Canjin batirin Leaf ta 2014 a Jidda: daga kWh 24 zuwa kWh 40

Asabar, 6 ga Satumba 2025

Motar Nissan Leaf ce ƙirar 2014, samfurin Amurka, irin wadda masu gyara ke kira AZE0. Ta yi kilomita 131,400. Injin lantarkinta lafiya, birki lafiya, jikinta ba tsatsa duk da iskar teku. Batir ne ya gaji. Cikin sanduna 12 da ke nuna ƙarfinsa a gaban direba, 6 suka rage, kuma da mukayyif, wato na'urar sanyaya iska, a kunne ba ta wuce kilomita 58 kafin alamar kunkuru ta fito, gudu ya yanke. Daga Jidda zuwa Makka kilomita 70 ne da ɗoriya, wato ko zuwa ba ta iya yi, balle dawowa.

Yau da asuba, bayan ta cika caji, muka sa na'urar OBD2 a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, muka karanta ta da manhajar LeafSpy Pro. Lafiyar batir, wato SOH, kashi 52 cikin 100. AHr, wato yawan cajin da batir ke iya riƙewa, 34.3, alhali sabo yana kusan 66. GID, wato ma'aunin wutar da ke cikin batir, 147, sabo kuwa 281. Manhajar tana lissafa kowane GID a kan Wh 77.5, ke nan abin da ke ciki bai wuce kWh 11.4 ba. Lissafin ya yi daidai da sandunan: ta farko tana faɗuwa idan an rasa kashi 15, kowace bayanta kashi 6.25.

Adadin da ya fi damuna shi ne zafi: digiri 38 a cikin batir da ƙarfe shida na safe, motar ba ta motsa ba tun magariba. Batirin Leaf ba shi da ruwan sanyaya, ba shi da fanka. Akwatin ƙarfe ne rufaffe a ƙarƙashin mota, yana jiran iskar waje ta kwashe zafinsa. A Jidda kuwa daren bazara ma da zafi yake, kwalta kuma tana ta amai da zafin da ta sha da rana. Nissan ta gyara haɗin sinadarin batirin a ƙirar 2015 don ya fi jure zafi. Wannan motar ta riga wancan gyaran.

Talata, 9 ga Satumba

Gwaji da nauyi. A tsaye, bambancin ƙwaya mafi ƙarfi da mafi rauni milivolt 24 ne kawai, wanda zai sa mutum ya ce komai lafiya. Da caji ya sauka kashi 35, muka taka totur har ƙasa a miƙaƙƙen titi, ɗaya na tuƙi, ɗaya na kallon waya. Bambancin ya haura milivolt 290. Ƙwayoyi masu lamba 31, 32 da 37 ne suka nutse. Akwai kuma tsohuwar lambar matsala P33E6 a ajiye, wadda ke nufin ƙwayoyin sun sha bamban da juna fiye da kima.

Yadda cikin yake: modul 48, kowane da ƙwaya 4, jimla 192, an jera su bibbiyu sau 96, suna ba da volt 360. Rabin modul ɗin, guda 24, suna cunkushe a jeri ɗaya a ƙarƙashin kujerar baya, kuma nan ne zafi ya fi taruwa.

Hanyoyi uku ne a gabanmu. Ta farko a buɗe akwatin a canza modul ɗin da suka mutu. Mai warsha, wato shagon gyaran, ya so haka don ya fi araha. Na ce masa, “Malam, ko mun cire ukun nan, sauran 93 ma rabin ransu ne. Kilomita 58 za ta koma 65, shi ke nan.” Ta biyu batirin kWh 62. Yana da daɗin ji, amma ya haura kilo 400, ya fi tsohon kauri da kusan santimita 4, sai an sa masa abin tazara, an canza sifirin na baya, ga tudun rage gudu na cikin unguwanni da zai riƙa gogar cikinsa. Ta uku batirin kWh 40 daga Leaf ta 2018 zuwa sama. Nauyinsa kilo 300 da kaɗan, yana shiga gurbin AZE0 ba tare da yanka ko walda ba, kuma soket ɗin ƙananan wayoyinsa mai fil 36 ne kamar namu. Da motar 2011 ko 2012 ce, mai fil 22, da sai an haɗa wayar juyi. Mun tsaya a kan 40.

Alhamis, 11 ga Satumba

An zaga tashlih na Briman, wato kasuwar kayan matattun motoci ta Jidda. Ba Leaf ko ɗaya. An bar lambar waya wurin mutum biyu.

Lahadi, 14 ga Satumba

Tayi biyu sun zo daga waje. Na farko daga wani ɗan kasuwa a Sharja: batirin 2018, hoton LeafSpy na nuna SOH kashi 99, AHr 115, farashi dirham 10,500. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Muka nemi hoton mitar motar da aka ciro shi, ta nuna kilomita 96,000. Batirin da ya shekara bakwai a zafin Tekun Fasha, ya yi wannan tafiya, ba zai taɓa zama kashi 99 ba. Abin da ake yi shi ne a goge ƙwaƙwalwar LBC, wato kwamfutar da ke cikin akwatin batir, da na'urar gyara. Tana farkawa sai ta ɗauka sabon batir take tsaro, sanduna su koma 12. Bayan 'yan makonni ko watanni ta sake koyon gaskiya, sandunan su zube ɗaya bayan ɗaya, mai sayarwa kuma ya yi nisa. Muka ce ya ɗauko bidiyon gwaji da nauyi a ƙaramin caji, sai ya daina amsa saƙo.

Na biyu daga yankin ciniki na Zarƙa a Urdun, wato ƙasar Jordan, inda Leaf ta yi yawa. Batirin 2019 ne, har yanzu yana jikin motar da aka buga ta gefe, kuma tana iya tafiya. Wannan shi ne alherin, domin batirin da aka riga aka sauke ba ya gwaduwa da nauyi. Abin da muka nema a bidiyo guda, ba yankewa: lambar jikin mota, mitar kilomita, shafin LeafSpy a tsaye, sannan shafin ƙwayoyi yayin da ake taka totur da caji ƙasa da kashi 30. Sakamako: kilomita 54,000, SOH 88.4, AHr 102, bambanci a tsaye milivolt 17, da nauyi milivolt 96, kuma ba ƙwaya ɗaya da ta ware daga 'yan'uwanta. Kashi 88 na gaskiya ya fi min kashi 99 na hoto.

Laraba, 17 ga Satumba

An daidaita a dinari 2,600, kimanin riyal 13,750. Rabi yanzu, rabi idan an ɗora kaya. Abin da aka rubuta zai zo da shi: akwatin batir a rufe ba a taɓa buɗe shi ba, filogin tsaronsa mai ruwan lemo, ƙarafan riƙe shi na baya, notinansa, da guntun wayar soket mai fil 36 daga jikin motar. An kuma yi odar gadar CAN mai ƙofa biyu, riyal 420 har da aike.

Amfanin gadar: kwamfutar motar 2014, VCM, ba ta san yaren LBC na 2019 gaba ɗaya ba. Saƙonnin yawan caji, na sanduna da na iyakar caji sun canza tsari. Gadar tana zama tsakaninsu a kan layin EV-CAN, wato wayoyin da kwamfutocin motar ke magana ta kansu, tana fassara. Manhajar da za mu ɗora mata ita ce buɗaɗɗiyar nan ta Dala, makanikin ƙasar Finland da ya sake ta kyauta.

Talata, 23 ga Satumba

Hutun ranar ƙasa, warsha a rufe, sai muka yi aikin wutar gida. Cajar cikin motar ta kW 6.6 ce, tana jan kusan amfiya 30 a volt 220. Tsohon soket ɗin gareji wayarsa milimita 2.5 ce, har ta fara baƙi a bakin noti. Da ƙaramin batir ana lallaɓawa da amfiya 10, amma kWh 34 a wannan tafiyar zai ci awa 17.

An ja sabuwar waya mai milimita 6, tsawon mita 18, kai tsaye daga allon gida, da bireka ta amfiya 40 da na'urar yanke wuta idan ta zurare, mai miliamfiya 30. Ginin tsoho ne, mai tsarin 127 da 220, saboda haka daga layi biyu aka ɗauko 220. Wayar ƙasa ce ta ba da wahala. Da aka auna babu ita kwata-kwata a garejin, kuma cajar bango ba ta yarda ta fara aiki in babu. Sai da aka kafa sandar tagulla aka haɗa ta da allon. Kayan aiki da ladan mai lantarki riyal 940. Cajar bangon da ma akwai ta, mai kan Type 1 irin na motocin Amurka.

Lahadi, 28 ga Satumba

Kaya bai taso ba. Kamfanin jigilar da aka fara magana da shi ya karɓi aikin a matsayin kayan gyaran mota, da direbansu ya ga abin da ke kan katakon sai ya ƙi ɗauka. Kuma gaskiyarsa. Batirin lithium kaya ne mai haɗari, aji na 9, lambarsa UN3480, yana buƙatar takardar bayanin sinadarai, alama a jikin akwatin, da motar da ke da izini. Laifin rabi namu ne, da ba mu faɗi wannan lambar tun a saƙon farko ba. An koma wani kamfanin, kuɗi ya tashi daga riyal 1,400 zuwa 2,350. An ce wa mai sayarwa ya sauke cajin zuwa kashi 30 kafin ya cire shi daga mota, kuma a ɗaure shi a kwance kamar yadda yake zama, kada a jingina shi a gefe ko a ɗora masa wani kaya.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Ya iso warsha da la'asar. Kwastan, harajin kashi 15 da ladan mukhallis, wato mai fito da kaya daga kwastan, sun ci riyal 3,100.

Ba a matso da shi kusa da mota ba sai da aka duba shi a ƙasa. Lambar jikinsa ta yi daidai da ta bidiyo. Ƙasan akwatin ba lotsewa, sai ƙarce biyu marasa zurfi da muka goge muka shafa wa fenti. Fil ɗin soket duka a miƙe. Da aka ba LBC wutar volt 12 ta guntun wayar da ta zo, LeafSpy ta nuna AHr 102, caji kashi 31, bambanci milivolt 19, ba lambar P0AA6 ta zurarar wuta zuwa jikin akwati. An auna manyan bakunan waje da mitar rufi a volt 500, ta wuce iyakar abin da take iya karantawa. Ba mu kai mitar nan ɓangaren ƙwayoyi ba, domin muddin LBC na haɗe, volt 500 na iya ƙona ta.

Sai gwajin iska, wanda mutane da yawa ke tsallakewa. An toshe kafofin akwatin, an hura masa iska da famfon hannu zuwa kPa 1.6, aka jira minti ɗaya. Ƙa'ida kada ya sauka ƙasa da 1.4. Ya tsaya a 1.55. Wanda ya ga ambaliyar Jidda ta Nuwamba 2009, ko ruwan 24 ga Nuwamba 2022 da ya mayar da tituna koguna, ba zai sa batirin volt 350 a ƙarƙashin motarsa ba tare da ya tabbatar ruwa ba ya shiga ba. Hunturu kuma, lokacin ruwan sama a Jidda, ya kusa.

Matsala ɗaya: babu filogin tsaro. An cire shi don tafiya, wanda daidai ne, amma aka manta shi a Zarƙa. An liƙe ramin da tef kawai. Yaron warsha ya ɗauko na tsohon batir zai gwada, mai warsha ya daka masa tsawa. Akwai fis a cikin filogin nan, an zaɓe shi daidai da batirinsa, ba abin gwaji ba ne ko da bakin ya shiga. Za a aiko da nasa ta jirgi, riyal 180, kwana biyar zuwa bakwai.

Litinin, 6 ga Oktoba

Kafin filogi ya zo, an canza ƙaramin batirin volt 12, girman 51R, riyal 310. Tsohon yana 11.9 bayan kwana ɗaya a tsaye. Raunin wannan batirin yana haifar da lambobin matsala na ƙarya barkatai a Leaf, kuma ba ma son ranar aiki mu rasa gane wace ce ta gaske.

Asabar, 11 ga Oktoba

Ranar sauyi. Mutum uku, na'urar ɗaga mota mai ginshiƙi biyu, teburin ɗagawa mai ɗaukar kilo 500, safar hannu ta lantarki mai jure volt 1,000 da aka hura aka tabbatar ba huda, tabarau, ba zobe ba agogo.

Da farko an adana dukkan lambobin matsala na motar aka goge su. An kashe agogon caji da na mukayyif, don kada motar ta farka da kanta. An kashe ta, aka jira minti 5, aka cire wayar ƙasa ta ƙaramin batir. Daga nan aka buɗe murfin da ke daben baya tsakanin kujeru, aka zare filogin tsaro da safa, mai warsha ya sa shi a aljihunsa don kada wani ya mayar. Zare shi yana raba batirin gida biyu, amma kowane ɓangare na riƙe da volt ɗin da zai kashe mutum, saboda haka an rufe ramin nan take. Sai jiran minti 10 cur, don ma'ajiyar wutar da ke cikin inbata ta huce. Bayan nan aka ɗaga mota, aka cire robobin ƙasa, aka zare soket uku na gaban batir: babbar waya mai ruwan lemo, ta hita, da mai fil 36. An auna ɓangaren mota: sifili. Mitar kanta an gwada ta a kan ƙaramin batir kafin awon da bayansa.

An tallafe akwatin da tebur, da katako a kai don nauyin ya bazu, aka cire wayoyin ƙasa da ke haɗa shi da jikin mota, sannan manyan notina. Biyu na baya sun ci gishiri, sai da aka jiƙa su da mai na rabin awa. Maimakon a sauke tebur, mota muka ɗaga ta bar batirin a ƙasa, ya fi sauƙin sarrafawa. Sabon ya shiga ta wannan hanyar a juye. Abin lura: a fara ɗaura dukkan notinan da hannu, zare uku uku, kafin a matse ko ɗaya. Mun matse na gaba da wuri, na baya na hagu ya ƙi samun raminsa, sai da aka sassauta aka turo teburin milimita kaɗan. An matse da sifana mai awo bisa adadin littafin gyaran Nissan, an yi wa kowane noti alama da fenti.

Daga ɗagawa zuwa saukewa awa huɗu da rabi. Gadar CAN ta ɗauki wata awa ɗaya. An yanke tagwayen wayoyin EV-CAN a cikin mota, wajen da suka nufi batir, an haɗa ƙofa ɗaya ta gada da ɓangaren batir, ɗayar da ɓangaren mota, da dalma da robar da ke tsukewa da zafi. Wutarta daga layin da ba ya yankewa, ta fis na amfiya 3, domin dole ta kasance a farke lokacin caji ko da motar a kashe take.

An mayar da filogi, an haɗa ƙaramin batir, an danna maɓalli. Koriyar alamar shirin tafiya ba ta fito ba. Allo ya cika da fitilun gargaɗi, wurin kilomita ya nuna layuka uku. Magariba ta yi, aka zare filogin aka tashi.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Lambobin jiya duk na yankewar magana ne tsakanin VCM da LBC, masu farawa da U, ba ko ɗaya da ta shafi ƙwayoyi. Wato batirin lafiya, saƙo ne ba ya wucewa.

Zato na farko an juya tagwayen wayoyin nan, CAN-H da CAN-L. An bi su da mita, daidai suke. Zato na biyu manhajar ba ta hau gadar ba. An sake ɗora ta, fitilarta na ƙiftawa yadda ya kamata. Awa biyu suka tafi a nan. Sai muka koma abin da ya kamata a fara da shi: cire ƙaramin batir, auna turjiya tsakanin H da L a kowane ɓangare. Layin CAN yana son om 120 a kowane ƙarshensa, biyun a haɗe su ba da 60. Idan aka yanke layi aka sa gada, ya zama layi biyu, kowanne na buƙatar nasa biyun. Ɓangaren mota ya nuna 60. Ɓangaren batir ya nuna 120. Da aka buɗe kwanson gadar aka duba da madubin ƙara girma, ƴar turjiyar ƙofa ta biyu tana zaune a karkace, ƙafarta ɗaya ba ta taɓa dalma ba tun daga masana'anta, kuma kusa da ita ƙafar ƙaramin guntun da ke aika saƙo ita ma a bushe take. A gudun kilobit 500 cikin daƙiƙa, layi mai irin wannan haɗin ba ya isar da komai. An gyara dalmar duka biyun, an auna: 60 da 60.

Da an auna gadar a kan tebur ranar da ta iso, minti ɗaya ya isa a gano wannan. Duk wanda zai bi wannan hanyar, ya sa mita a ƙofofin gadarsa tun kafin ya yanke wayar mota: kowace ta nuna 120.

An kunna, koriyar alama ta fito. Amma da kunkuru a gefenta.

Litinin, 13 ga Oktoba

Kunkurun nan mun san da zuwansa. Lambar P3102 ce: VCM tana riƙe da shaidar tsohon batir, ta ga baƙo, ta rage ƙarfi. An haɗa VCM da sabon batirin ta sashen gyara na LeafSpy Pro, aka kashe mota aka kunna, lambar ba ta dawo ba. An zaga unguwa kilomita 6, lafiya.

Cajin farko a gida, daga kashi 27 zuwa cikawa: awa 4 da minti 50, mitar bango ta ƙirga kWh 28.4. An taɓa bireka da bakunan waya bayan awa biyu, ɗumi kawai. An bar ta a haɗe har ta gama daidaita ƙwayoyinta. GID 438, bambanci milivolt 11, zafi ya tashi daga digiri 34 zuwa 37. Sanduna 12 a allo, wanda ya dace da kashi 88.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Gwajin nisa: Jidda zuwa Makka da dawowa, mutum uku, mukayyif a digiri 23, gudu tsakanin 95 da 100, iskar taya fam 36. Kilomita 152. GID daga 438 zuwa 105, wato kWh 25.8, kilomita 5.9 a kowace kWh. Da wannan tuƙin za ta yi kusan 190 kafin gargaɗin ƙarshe. A cikin gari ta fi haka. Adadin da allo ke hasashe ya fara da 243, kada a biye masa, daga tuƙin jiya yake lissafi.

A kashi 24 aka maimaita gwajin totur: milivolt 118, ƙwayoyin sun sauka tare sun tashi tare. Zafi a ƙarshen tafiya digiri 42.

Kuɗin wutar tafiyar: kimanin kWh 29 daga bango a halala 18, da haraji riyal 6. Motar fetur mai shan lita 7 a kilomita 100 za ta sha lita 10.6, a riyal 2.18 na fetur 91, riyal 23.

Litinin, 20 ga Oktoba

An sake ɗaga ta. Alamun fenti ba su motsa ba, soket a bushe. An ɗaure gadar da kyau, da ma tana lilo a ƙarƙashin kafet.

Asabar, 25 ga Oktoba

Cajin gaggawa. Bakin motar CHAdeMO ne, tashoshin da ake ginawa a nan kuwa CCS2 ne, har da na EVIQ, kamfanin da asusun saka jari na gwamnati, PIF, da kamfanin lantarki na Saudiyya suka kafa a 2023 da burin caja 5,000 zuwa 2030. Mun aro na'urar juyi daga CCS2 zuwa CHAdeMO don mu ga halin batirin kafin a sayi tamu.

Zama na farko, ƙarfe tara na safe: caji kashi 18, zafi digiri 36. Ya fara da kW 41, ya kai kashi 75 cikin minti 33, zafi ya koma 47. Digiri 11 a zama ɗaya. Aka yi kilomita 90 a babbar hanya aka dawo, zafin bai sauka ba sai digiri ɗaya. Zama na biyu ya tsaya a kW 22, muka cire a digiri 50. Wannan ba lalacewa ba ce, LBC ce ke rage wuta don kare ƙwayoyi, kuma sanannen hali ne na batirin 40. Washegari da asuba yana 40, bai gama hucewa ba.

Hukuncin da na yanke: ba za a sayi na'urar juyin ba yanzu. Sabon batirin shi ma ba shi da abin sanyaya, zafin da ya cinye na farko yana nan yana jiransa, kuma wannan a Oktoba ne, ba a Yuli ba. Tsarin da za a bi: caji a gida kawai, a hankali, tsakanin kashi 30 da 80. Ƙirar 2014 ta Amurka ba ta da zaɓin tsayawa a 80, saboda haka da agogon caji za a yi: kashi 50 kusan kWh 17 ne, awa 2 da minti 50, a fara ƙarfe biyu na dare a gama kafin asuba. Cikawa 100 sai daren da za a yi tafiya, kuma a tashi da ita da safe, kada ta wuni a cike cikin rana. An auna garejin don sa rumfa a gefen yamma.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Jimlar kuɗi zuwa yau: batir 13,750, jigila 2,350, kwastan da haraji 3,100, filogi 180, gada 420, ƙaramin batir 310, wutar gida 940, ladan warsha 1,200. Riyal 22,250.

Karatun yau: kilomita 1,130 tun sauyi, AHr 101.8, SOH 88.2, ba lambar matsala. LBC na batirin 40 tana yin babban gyaran lissafinta kusan duk wata uku, saboda haka adadin da za a dogara da shi sai a Janairu. Har zuwa lokacin za a riƙa rubuta AHr da zafin asuba duk Asabar.

Tsohon batirin yana warsha a kan katako, a inuwa, caji kashi 40, ramin filogi a rufe. Wani mai istiraha, wato gidan hutu, a hanyar Usfan yana son modul ɗin don wutar rana. Kowane volt 7.5 ne, bakwai a jere suna ba da 52.5, daidai da inbata mai volt 48. Modul 48 za su ba da jeri shida, shida su rage, kuma masu ɗauke da raunanan ƙwayoyin nan uku suna cikin waɗanda za a ware. Kowane jeri bai wuce kWh 1.8 ba a yanzu, an faɗa masa haka tun kafin a yi maganar kuɗi. Mako mai zuwa za a buɗe akwatin, a raba manyan haɗe-haɗen tukuna har kowane yanki ya sauka ƙasa da volt 60, sannan a gwada modul ɗaya ɗaya a rubuta ƙarfinsa a jikinsa. Sharaɗin sayarwa shi ne kowane jeri ya samu na'urar kula da ƙwaya 14 tasa, kuma a riƙe modul ɗin a matse da faranti kamar yadda suke a mota, don kada su kumbura.

Saura fahas, wato duba lafiyar mota na hukuma, domin istimara, takardar rajistarta, za ta ƙare a Disamba. Sai hawan Hada, dutsen da ke kan hanyar Ɗa'if. Daga Makka zuwa saman dutsen hawan kusan mita 1,700 ne, wanda a mota mai kilo 1,650 da mutanenta zai ci kWh 7.6 ban da na tafiyar kanta. Daga Jidda kai tsaye lissafin ya yi matsi da yawa. Za a kwana a Makka, a cika ta a soket ɗin gida, a hau bayan sallar asuba, ana rubuta zafin batir duk minti biyar.